Makaranta a Teburin Cin Abinci: Yadda Kiristocin Amurka Ke Koyar da 'Ya'yansu Boko a Gida

Duk shekara, daga watan Maris zuwa Yuni, akwai wata kasuwa da ke ci a manyan ɗakunan taro na wasu biranen Amurka, irin su Cincinnati da Orlando da Richmond. Hajar da ake bajewa kayan karatu ne: littattafan lissafi, taswirori, na'urar ganin ƙananan halittu, katunan haddar tarihi, har da kwaɗi da aka jiƙa a magani don darasin fiɗa. Masu sayayyar galibinsu mata ne, kowace tana jan ɗan akwati mai taya, wata da jariri a ƙirji, yara uku ko huɗu na biye da ita. Waɗannan matan su ne malaman 'ya'yansu. Abin da suka zaɓa cikin kwana biyu ko uku, shi yaran za su karanta har shekara ta zagayo, a falo ko a teburin cin abinci.

Kafin uwa ta tambayi kuɗin littafi, sai ta fara tambayar da wane ido yake kallon duniya. Tana son ta ji cewa an rubuta shi bisa mahangar Littafi Mai Tsarki. Wannan buƙatar ce ta haifar da masana'anta guda, da kamfanonin ɗab'i, da lauyoyi, da kwalejoji, ta kuma haifar da wata gardama da har yau ba ta mutu ba tsakanin Kiristocin kansu: ta yaya ake koyar da aljebra, ko ilimin halittu, ko tarihin bauta, ta fuskar bangaskiya, ba tare da an tauye wa yaro ilimin ba?

Lamarin ba na 'yan tsiraru ba ne. Hukumar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa yara 850,000 ne ke karatu a gida a 1999. Zuwa 2007 sun kai miliyan 1.5, kuma a binciken wannan shekarar kashi 83 cikin ɗari na iyayen sun ambaci tarbiyyar addini ko ta ɗabi'a cikin dalilansu. Da annobar korona ta rufe makarantu, hukumar ƙidayar jama'a ta gano cewa gidajen da ke koyar da yara da kansu sun tashi daga kashi 5.4 a farkon annobar zuwa kashi 11.1 a ƙarshe-ƙarshen 2020. Da yawa sun mayar da 'ya'yansu aji bayan an buɗe, amma adadin bai koma inda yake a da ba. Sababbin shiga suna da dalilai iri-iri, daga tsoron harbe-harbe a makarantu zuwa cin zalin da yara ke yi wa juna. Duk da haka, hanyar da suke bi Kiristoci masu ra'ayin riƙau ne suka share ta.

Yadda aka fara

A 1962 Kotun Ƙolin Amurka ta hana karanta addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati. A 1963 ta hana karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada a cikin aji. Iyaye da yawa sun ɗauki waɗannan hukunce-hukunce a matsayin korar Allah daga makaranta. A wannan shekarar ta 1963 wani malamin tauhidi, Rousas Rushdoony, ya fitar da littafi yana cewa makarantar gwamnati ita ma addini take koyarwa, addinin da ya ɗora ɗan Adam da hukuma a mazaunin Ubangiji. Majami'u suka shiga buɗe makarantunsu. Gaskiya ba ta ɓuya: a jihohin kudu, wasu daga cikin makarantun an buɗe su ne don gudun haɗa yara farare da baƙaƙe a aji ɗaya, bayan kotu ta soke wariya a 1954.

Mai karatu Bahaushe ba zai rasa fahimtar wannan fargaba ba. Kakanninmu da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu boko don tsoron kada ta raba su da addininsu. A Amurka, Kiristoci ne suka kalli makarantar ƙasarsu da irin wannan idon.

Komawa gida gaba ɗaya ya zo ne daga baya, kuma ta hannun mutum biyu da ba su yi kama da juna ba. John Holt malamin makaranta ne da bai damu da addini ba. Ya gaji da yadda aji ke kashe wa yara sha'awar sani, ya kafa mujalla a 1977 don iyayen da suka cire 'ya'yansu. Raymond Moore kuwa, tare da matarsa Dorothy, mabiya ɗarikar Adventist ne. A littafinsu na 1975 sun ce kada a gaggauta zaunar da yaro a aji kafin ya kai shekara takwas zuwa goma. Da James Dobson ya yi hira da Moore a shirinsa na rediyo mai miliyoyin masu sauraro, sai maganar ta shiga gidajen Kiristoci masu bishara a faɗin ƙasar. Ayar da suka fi kafa hujja da ita tana cikin sura ta 6 ta littafin Maimaitawar Shari'a, inda aka ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu dokokin Allah a zaune da a tafe.

A lokacin, jihohi da yawa suna ɗaukar hakan a matsayin hana yaro zuwa makaranta. An gurfanar da iyaye a kotu, wasu har sun kwana a kurkuku. A 1983 lauyoyi biyu, Michael Farris da Michael Smith, suka kafa ƙungiyar HSLDA don kare irin waɗannan iyalai, kuma zuwa 1993 karatun gida ya halatta a dukkan jihohi 50. A 1994 wani ƙudiri a majalisar wakilai ya zo da sharaɗin da ƙungiyar ta fassara da cewa zai tilasta wa iyaye mallakar takardar shaidar malanta. Iyaye suka yi ta buga waya har layukan majalisar suka cushe, aka cire sharaɗin da ƙuri'a 424 a kan 1. Tun daga ranar 'yan siyasa suke taka-tsantsan da su.

Lissafi, inda ayoyi ba sa isa

Da wuya a sami darasin da ya fi lissafi gwada wannan tafiya. Biyu da biyu huɗu ne ga mai bi da marar bi. To mene ne lissafin Kirista?

Masu zurfin tunani a cikinsu suna da amsa, kuma ta samo asali daga wani malamin tauhidi ɗan asalin Holan, Cornelius Van Til, wanda ya koyar cewa babu ilimin da ke tsaye a tsaka-tsaki. A ganinsu, dalilin da ya sa lambobin da mutum ya rubuta a takarda suke iya faɗin ranar da za a yi husufin rana shi ne Mahalicci ɗaya ya tsara sammai, ya kuma tsara hankalin da ke ƙirga su. James Nickel ya rubuta littafi guda a kan haka a 1990. Kamfanin Abeka, wanda Arlin da Beka Horton suka kafa a Pensacola ta jihar Filorida, ya ɗauki maganar har cikin manhajarsa. Ya ce dokokin lissafi halittar Allah ne, don haka ba sa canzawa, ya kuma daɗe yana tallar littattafansa da cewa bai cika su da sababbin ka'idoji irin na rukunoni ba, waɗanda suka shigo makarantun Amurka a shekarun 1960.

Idan aka buɗe yawancin littattafan kuwa, abin da ake gani ya fi wannan sauƙi: aya a saman shafi, ko tambaya a kan zakkar kashi ɗaya cikin goma, ko tsawon jirgin Annabi Nuhu. Sauran duk lissafi ne irin na kowa. Shi ya sa iyalai masu tsananin riƙo da addini da yawa ba sa jin nauyin sayen littafin da babu aya ko ɗaya a ciki. Shekaru da dama littafin da ya fi karɓuwa a wurinsu shi ne na John Saxon, tsohon hafsan sojan sama da ya koma koyar da aljebra a wata ƙaramar kwaleji a Oklahoma, ya fitar da littafinsa na farko a 1981. Dabararsa ita ce a ba yaro sabon abu ɗan kaɗan kowace rana, sannan a bi shi da tambayoyi kusan talatin da ke maimaita duk abin da ya wuce. Wasu kuma sun rungumi manhajar ƙasar Singafo.

A nan ne kuma rauni ya fi fitowa. Robert Kunzman da Milton Gaither, malaman jami'a biyu da suka tattara bincike-binciken da aka yi a kan karatun gida suka fitar a 2013, sun lura da abu guda da ke maimaituwa: yaran gida sukan ɗan fi takwarorinsu a karatu da harshe, sukan kuma ɗan gaza a lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Uwa tana iya karanta labari tare da ɗanta su tattauna, ko da ba ta taɓa ganin littafin ba. Amma idan yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya maƙale a aljebra, sai wanda ya iya ne zai fitar da shi. Iyalan da suka gane haka da wuri sukan nemi darussan bidiyo, ko su haɗu da wasu gidaje a zauren majami'a sau ɗaya a mako inda wani uba injiniya zai karɓi darasin, ko su sa yaron a ƙaramar kwalejin garinsu tun yana sakandare. Waɗanda ba su gane ba, yaron ne ke biyan bashin, kuma sai ya girma yake sani.

Kimiyya da shekarun duniya

A darasin kimiyya ne gida yake nuna abin da ya fi aji. Ɗauki gwajin jan kabeji, wanda kusan kowace manhaja take da shi. Uwa ta yayyanka kabejin ta tafasa, ta tace ruwan mai launin shuni ta zuba a kofunan gilashi guda uku. Yarinya 'yar shekara goma ta ɗiga ruwan tsami a na farko, nan take ya koma ja. Ta zuba bakar soda a na biyu, ya juya shuɗi mai ratsin kore. Na uku a bar shi yadda yake don a kwatanta. Ƙaninta ya ruga ya ɗauko lemon tsami da sabulu, yana son ya ga wane launi za su bayar. Babu ƙararrawar da za ta katse su. Daga nan uwar ta buɗe littafi su karanta dalilin da ya sa hakan ke faruwa, wataƙila ta ƙara da cewa wanda ya sa wannan tsari a cikin ganye ya cancanci yabo. Ban ga abin zargi a wannan darasi ba ko kaɗan.

Littattafan Apologia, waɗanda suka mamaye wannan fanni tun shekarun 1990, Jay Wile ne ya fara rubuta su, mutumin da ya yi digirin digirgir a kimiyyar sinadaran nukiliya. Ya rubuta su kamar yana zaune yana hira da ɗalibin, domin ya san babu malami a ɗakin. Darussansa na sinadarai da fiziks ba wasa ba ne.

Matsalar tana farawa ne idan aka zo shekarun duniya da asalin halittu. Manyan kamfanonin, Abeka da BJU Press da ACE da Apologia, duk suna koyar da cewa duniya ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba, kuma an halicce ta cikin kwanaki shida na zahiri kamar yadda suka fahimci littafin Farawa. Masana duwatsu da taurari kuwa sun auna shekarunta kusan biliyan 4.5. Ken Ham, ɗan Ostareliya da ya buɗe gidan tarihi na halitta a jihar Kentucky a 2007, shi ne babban mai wa'azin wannan ra'ayi, kuma tarukan karatun gida suna cikin manyan dandalinsa. Wani lokaci neman hujja yakan kai su ga abin kunya. A 2012 jaridu suka bankaɗo cewa wani littafin ACE yana kawo dodon tafkin Loch Ness na Sikotilan a matsayin alamar cewa manyan dabbobin zamanin da suna nan da rai. Daga baya an cire wannan daga wasu bugu.

Maganar ta kai kotu. A 2005 wata ƙungiyar makarantun Kirista ta kai ƙarar Jami'ar Kalifoniya, saboda ta ƙi amincewa da wasu darussan da aka koyar da littattafan BJU Press da Abeka a matsayin share fagen shiga jami'a. Ɗaya daga cikin littattafan ya faɗa tun a gabatarwarsa cewa duk inda sakamakon kimiyya ya saɓa wa Maganar Allah, kimiyyar ce ta yi kuskure, komai yawan hujjojinta. Alƙali ya ba jami'ar gaskiya a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010. Makarantu ne suka kai ƙarar, amma littattafan su ne dai waɗanda ke kan teburan dubban gidaje.

Kuskure ne a ɗauka cewa duk Kiristoci bakinsu ɗaya a nan. Cocin Katolika ba ta wajabta wa mabiyanta ra'ayin 'yan dubban shekaru ba. Gregor Mendel, uban ilimin gadon halitta, da Georges Lemaître, wanda ya fara kawo ka'idar faɗaɗar sararin samaniya daga mafari guda, dukansu limaman Katolika ne. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta dukkan ƙwayoyin gadon ɗan Adam, mahaifiyarsa ce ta koyar da shi a gida a wata gona a Birjiniya har zuwa aji shida. Sai da ya zama likita ya karɓi bangaskiya, kuma a 2007 ya kafa ƙungiyar BioLogos don nuna wa 'yan'uwansa masu bi cewa ana iya riƙe Littafi Mai Tsarki a kuma yarda da abin da ƙwayoyin halitta ke nunawa. A 2011 rigimar ta fashe a cikin kasuwar littattafan kanta: masu shirya wani babban taro suka janye gayyatar Ken Ham saboda irin sukar da ya yi wa Peter Enns, wani masanin Tsohon Alkawari mai alaƙa da BioLogos. Cikin waɗanda suka tsaya wa Enns har da Jay Wile, duk da cewa a batun shekarun duniya ra'ayinsa ya fi kusa da na Ham.

Ra'ayina a nan a fili yake. Iyaye suna da haƙƙin gaya wa ɗansu abin da suka gaskata game da asalin duniya. Abin da ba su da haƙƙinsa shi ne su ba shi gurguwar siffar abin da masana ke cewa, har ya shiga jami'a yana zaton hujjojinsu ba su taka kara sun karya ba. Yaron da aka yi wa haka, ranar da ya ga hujjojin da idonsa, ba littafin kimiyyar kaɗai zai daina yarda da shi ba.

Tarihin wa za a karanta?

A darasin tarihi, mahangar Kirista tana nufin ganin hannun Allah a cikin abubuwan da suka faru. Wani littafi da Peter Marshall da David Manuel suka fitar a 1977 ya dasa wa iyalai da yawa ra'ayin cewa Amurka ƙasa ce da Allah ya zaɓa don wata manufa ta musamman. Wanda ya fara da wannan zato, zai sha wahalar kallon bauta da ƙwace ƙasar 'yan asalin nahiyar ido da ido. An sha kama wasu littattafan manhajar suna sassauta zaluncin bauta, ko suna rage darajar gwagwarmayar baƙaƙen fata. Jami'ar Bob Jones, mai kamfanin BJU Press, sai a 2000 ta ɗage dokar hana soyayya tsakanin ɗalibai farare da baƙaƙe, ta kuma nemi gafara a 2008.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne gyara yakan fito daga cikin gida. A 2012 David Barton, wanda iyalan karatun gida ke ji da shi, ya fitar da littafi a kan tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson. Malamai biyu Kiristoci daga kwalejin Grove City, Warren Throckmorton da Michael Coulter, suka bi shi dalla-dalla suka nuna kurakuransa, har kamfanin Thomas Nelson, wanda shi ma na Kirista ne, ya janye littafin daga kasuwa. Baƙaƙen fata Kiristoci kuma sun kafa tasu ƙungiyar tun 2000, ta hannun Eric da Joyce Burges a Louisiana, kuma da yawansu dalilin komawarsu gida shi ne su koya wa 'ya'yansu tarihin da aji ya tsallake.

Akwai manhajojin da suka buɗe taga sosai. Sonlight, wadda John da Sarita Holzmann suka fara a 1990, an tsara ta ne don 'yan mishan da ke ƙasashen waje. Masu wannan aiki a Nijeriya sun daɗe da sanin zaɓin mai ciwo: ko a kai ƙaramin yaro makarantar kwana irin Kent Academy da ke Miango ko Hillcrest ta Jos, ko uwa ta koyar da shi a tashar mishan. Sonlight takan aiko da kwali cike da littattafan labarai da tarihin rayuwar mutane daga nahiyoyi daban-daban, har da waɗanda ba Kiristoci suka rubuta ba, da jadawalin shafukan da za a karanta kowace rana. Tarihin duniya mai juzu'i huɗu na Susan Wise Bauer, wanda dubban gidaje ke karantawa, yana da babi a kan daulolin Gana da Mali da Songhai, da labarin Mansa Musa.

Haddace, fahimta, bayyanawa

Hanyoyi biyu ne suka fi jan hankalin iyaye masu ilimi a 'yan shekarun nan, kuma dukansu daga Ingila suka samo tushe.

Ta farko ta Charlotte Mason ce, malamar da ta rayu daga 1842 zuwa 1923, ta kuma horar da malamai a garin Ambleside. Ta ƙi jinin busassun littattafan aji. A tsarinta, uwa za ta karanta wa yaro shafi ɗaya ko biyu na littafi mai daɗin harshe, sau ɗaya tak, ta rufe, ta ce ya faɗa mata abin da ya ji da bakinsa. Ba ta katse shi, ba ta yi masa tambayoyin tarko. Darasi ba ya wuce minti goma sha biyar ko ashirin ga ƙananan yara. Da rana a fita waje da littafin zane, yaro ya zana tsuntsu ko ganyen da ya gani, ya rubuta kwanan wata. Mason ta yi imani cewa Ruhu Mai Tsarki ne malamin kowane ilimi na gaskiya, har da nahawu da lissafi, saboda haka ba ta ga buƙatar a liƙa aya a kowane shafi ba. An kusa mantawa da ita, sai Susan Schaeffer Macaulay ta farfaɗo da sunanta da wani littafi a 1984.

Ta biyu ita ce hanyar da suke kira ta gargajiya. A 1947 marubuciya Dorothy Sayers ta gabatar da maƙala a Oxford tana kira da a koma ga fannoni uku na makarantun tsakiyar zamani: nahawu, manɗiƙi da balaga. Ta ce ƙaramin yaro yana jin daɗin hadda, matashi yana son gardama, wanda ya fara hankali kuma yana son bayyana kansa, don haka a bi su a jere. Shirin Classical Conversations, wanda Leigh Bortins ta fara a North Carolina a 1997, a kan wannan ya ginu. Iyalai sukan haɗu rana ɗaya a mako, yara su rera jerin manyan abubuwan tarihin duniya fiye da 150 cikin waƙa, su haddace ƙa'idojin Latin da jadawalin sau, manya kuma su yi muhawara.

Nesa da waɗannan akwai tsarin ACE, wanda Donald da Esther Howard suka fara a Teksas a 1970. An yanka kowane darasi zuwa ƙananan littattafai kusan goma sha biyu a shekara. Yaro ya karanta shi kaɗai, ya cike gurabe, ya duba amsarsa da kansa, ya ci jarrabawa ya wuce na gaba. Yana da sauƙi ga uwar da yara suka yi wa yawa, amma yaro yana iya gama shi bai taɓa kare ra'ayinsa a gaban kowa ba.

Wa ke dubawa?

Masu tallar karatun gida suna yawan kawo binciken Lawrence Rudner na 1999, wanda ya duba sakamakon yara fiye da 20,000 ya ga sun zarce na makarantu nesa ba kusa ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gargaɗin da Rudner ya yi da kansa: iyalan da suka shiga binciken galibinsu farare ne, ma'aurata, masu ilimi da rufin asiri fiye da matsakaicin Ba'amurke. Irin waɗannan yaran ko a wace makaranta suke za su yi ƙoƙari. Yaran da karatunsu ya lalace a gida ba sa zuwa a gwada su.

Dokoki kuma sun bambanta ƙwarai. A New York sai iyaye sun miƙa tsarin karatu, su kawo rahoto sau huɗu a shekara, a kuma auna yaro a ƙarshenta. A Pennsylvania wani ƙwararre yakan duba ayyukan yaron. A Teksas da Idaho da Illinois da wasu jihohi kuwa, iyaye ba sa ma buƙatar sanar da hukuma cewa suna koyarwa a gida. A 2013 wasu da suka tashi cikin wannan tsari suka kafa ƙungiyar CRHE, suna neman a sa ido. Yawancinsu ba su ce a hana ba. Sun ba da labarin 'yan mata da aka tsayar wa karatu don su yi renon ƙanne, da yaran da aka ɓoye cin zarafinsu saboda babu malamin da zai ga tabo. Na yarda da su. Uwar da take koyarwa tsakani da Allah ba abin da za ta rasa idan aka gwada ɗanta a lissafi sau ɗaya a shekara.

Kada kuma a manta da wadda ke ɗauke da kayan. A mafi yawan gidajen uwa ce ta ajiye aikinta, iyali suka koma dogaro da albashi ɗaya. Ita ce za ta kwana tana bitar darasin gobe, ta koyar da ɗan aji ɗaya haruffa alhali tana sauraren ɗan sakandare yana fama da Latin, tukunya kuma tana kan wuta. Kunzman, wanda ya daɗe yana ziyartar gidaje shida na Kiristoci masu ra'ayin riƙau kafin ya fitar da littafinsa a 2009, ya tarar da koyarwa mai ban sha'awa a wasu, ya tarar da mai rauni ƙwarai a wasu, alhali duk aƙidarsu kusan ɗaya ce.

Yanzu kuɗi ne sabon abin da ya raba kansu. A 2022 jihar Arizona ta buɗe wa kowane yaro asusun da gwamnati ke zuba wa kimanin dala 7,000 a shekara, iyaye su kashe a kan makaranta mai zaman kanta ko kayan karatun gida, wasu jihohi kuma sun bi sahu. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi sun yi maraba, domin da wannan kuɗin za su iya ɗaukar malamin aljebra ko su sayi na'urar gwaji. HSLDA da tsofaffin 'yan gwagwarmaya kuwa suna ɗari-ɗari, suna cewa hannun da ya bayar shi zai dawo yana tambayar abin da aka koyar. A 2025 'yan majalisar Illinois sun kawo ƙudirin da zai wajabta wa iyaye sanar da hukuma cewa suna koyarwa a gida. Dubban iyaye da 'ya'yansu suka cika ginin majalisar a Springfield, kuma zaman ya ƙare ƙudirin bai zama doka ba.